Tukunyar Wankan Furera

Tun rana ba ta gama fitowa ba Hajiya Ma'u ta cika gidan da hayaniya. Ta sa an kafa duwatsun murhu a tsakar gida, an girka wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da sai mutum biyu ke iya ɗagawa, itace na ci bal-bal a ƙarƙashinta, ga damin ganyen bedi, wato darbejiya, a gefe. Daga ɗakin maƙwabta rediyo na ta ba da labarin yadda soja suka miƙa mulki suka koma bariki, amma wannan bai dami Hajiya ba. Ita dai matar ɗanta Hussaini ta haihu jiya, namiji, kuma haihuwar fari. Yau za a fara wankan jego ko ana ha-maza-ha-mata.

"Ke Furera! Ruwa ya tahwasa hwa! Hito tun bai huce ba!"

Furera na zaune a bakin gado rungume da jaririnta. Ta ji kiran sarai. Sai dai abin da ya fi kiran ƙara a kunnenta shi ne murfin tukunyar nan da tafasa ke ɗagawa yana kaf-kaf-kaf. Tafin hannunta ya yi sanyi ƙalau, alhali ana zafin da ko ƙadangare inuwa yake nema.

Hajiya ta bankaɗo labule. "Wai ke kurma ce? To kawo mani angona in hwara wanke shi, ke kya biyo baya." Ta sa hannu ta karɓe yaron ta fice.

Furera ta lallaɓa ta bi ta har bakin ƙofa. Nan ta ga Hajiya ta zauna a kujera 'yar tsugunne daf da murhu, ta shimfiɗe jaririn a ƙafafunta, ta miƙa hannu ta buɗe tukunyar. Tururi ya taso ya lulluɓe su duka biyun.

"Wayyo Allah! Audu! Ku ɗauke Audu — zai faɗa!"

Kafin Hajiya ta ankara, Furera ta yi tsalle ɗaya — macen da jiya-jiya ta sauka! — ta fizge yaron, ta faɗa ɗaki ta danna sakata. Ta zube a bayan ƙofa, ta ƙanƙame shi har sai da ya tsala kuka.

"Innalillahi!" Hajiya ta miƙe tana tafa hannu. "Wane ne kuma Audu? Yaron da ko suna ba a raɗa mashi ba? Jama'a ku zo ku gani, ɗana ya auro mani mai iskokai!"

Ba iskokai ba ne, kuma da Hajiya ta tsaya ta tambaya da ta ji. Amma wasu mutanen bakinsu ya fi kunnensu sauri.

Audu ƙanin Furera ne. A unguwar Gobarau aka haife su, a wani tsohon gidan ƙasa da ake hango hasumiya daga tsakar gidansa. Lokacin da abin ya faru Furera ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, Audu kuwa bai daɗe da iya tafiya ba. Mahaifiyarsu, Inna Binta, tana jegon autarta, ta girka tukunyar wankanta ta shiga ɗaki ɗauko zani, ta ce, "Ke, kula da yaron nan." Sai ga makaɗan biki sun biyo ta ƙofar gida. Furera ta ruga zaure don ta leƙa kawai ta dawo. Ihun da ta ji daga bayanta har yau bai fita daga kanta ba. Audu ne ya faɗa tukunyar, kuma bai kwana ba. Da aka dawo da shi daga asibiti a naɗe, Inna Binta ta ɗago jajayen idanu ta dubi 'yarta a gaban mutane ta ce, "Kin kashe mani shi. Kin huta."

A ranar Gwaggo Hadiza, ƙanwar mahaifinta, ta kama hannunta ta tafi da ita Ƙofar Kwaya, wai kafin zuciyar uwar ta yi sanyi. Tafiyar da ba a dawo ba ke nan. Jaririyar da ake wa jegon ita ma ba ta yi arba'in ba ta koma, daga baya uban ya bi su, Inna Binta ta rage ita kaɗai a gidan.

Ga kuma wani abu da ya ƙara dagula lamarin: Furera 'yar fari ce. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki, ba ta hira da shi. Tun tasowarta "ke" da "yarinyar nan" ta sani. Da can hakan bai dame ta ba, don tana ganin son a cikin tuwon da ake ƙara mata da kitson da ake zama a yi mata. Bayan waccan magana kuwa, ba ta ƙara gane ina kunya ta tsaya, ina ƙiyayya ta fara ba. In sallah ta zo Gwaggo kan ja ta su je gaisuwa, ita ta toge a zaure don ƙafarta ba ta iya taka tsakar gidan nan. Ta ɗaga murya ta gaishe da Inna, daga ciki a amsa, "Lahiya lau. A gaida mutan gida." Shi ke nan sai wata sallar. Da Gwaggo ta rasu bara, ko zauren ma Furera ta daina zuwa.

Malam Hussaini ya dawo daga rabon goron haihuwa, ya jingine mashin ɗinsa, ya tarar da uwarsa na huci a tsakar gida, matarsa a kulle a ɗaki. Malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali. A ƙofar gidan Gwaggo Hadiza ya fara ganin Furera tana ɗinkin hula, ya sayi hula ɗaya, ya dawo ya sayi ta biyu, har Gwaggo ta tambaye shi ko kai nawa gare shi. Ya san matarsa ba ta girki a murhu sai a risho, shi ma sai ta rufe ƙofar kicin. Ya san shi ke dafa ruwan shayi ya zuba a fulas. Bai taɓa ɗaukar wannan abin gori ba.

Ya durƙusa gaban uwarsa. "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. Ba raini ba ne, tsoro ne. Ƙaninta ne ya—"

"Tsoron ruwan zahi? Mu da muka yi ta wankan nan mutuwa muka yi? Macen da ba ta gasu ba jikinta ɗanye ne, nononta ɗanye ne, ba za ta shayar mani da jika ciwo ba! Kuma kai, ina uwatta? Haihuwar hwari a gidan iyaye aka wankanta, kowa ya sani. Ni da na zo in ruhwa maku asiri, ni aka hizge ma yaro kamar wata mayya?"

"Hajiya—"

"Ruhe mani baki ka ji! Daga yau zuwa ranar suna, ko ta shiga ruwan nan, ko uwatta ta zo ta tahi da ita gida ta gasa abinta kamar kowace ɗiya mai asali. In ba haka ba, ƙanwarka Nafisa na goyo, nononta ya ishi biyu. In ɗauke jikana in kai mata, ita kau a nemo mata masu ruƙiyya!"

Furera na jin komai ta bayan ƙofa. Ta dubi yaron da ya koma barci bakinsa na motsi, hawaye suka ɗiga a kan zanin da aka naɗe shi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo ƙwarai. Kullum da safe Hajiya kan zo ta girka tukunya, tukunya ta tafasa, ta huce, a zubar. 'Yan barka na shigowa rukuni-rukuni, duk dangin miji ne. Su karɓi yaro su yaba hancinsa, suna tsokana wai sai a ce masa Farar Hula tunda da zuwansa soja suka tattara. Sannan a waiga hagu da dama a yi tambayar nan da ke sukar ta kamar allura: "Ina dangin mai jego? Ba su iso ba tukuna?" Ta sunkuyar da kai ta ce suna hanya. In suka fita tana jin ƙus-ƙus ɗinsu a zaure.

Mutum ɗaya ce ke zama da ita. Martha, wata nas 'yar Zonkwa da ke haya a ɗakin da ke kallon nasu, takan shigo in ta taso daga aiki, ta surka ruwan fulas ya zama ɗumi, ta goge wa Furera jiki, ta wanke jaririn a ƙaramin baho.

"Sori, 'yar'uwa," in ji ta wata rana tana matse tawul. "Kada ki bari su sa ki yarda mahaukaciya ce ke. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ciwo ne a zuciya, kuma yana warkewa, sai dai ba da tsawa ba."

Furera ta gwada, kada a ce ba ta gwada ba. Wata safiya ta ba Martha yaron, ta ɗaura zani, ta fito tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta taka har tsakiyar gida. Ƙanshin dafaffen ganyen bedi na dukan hancinta sai ta durƙushe tana kwara amai. Hajiya ta taɓe baki ta ce, "Kun gani ko? Ba ya son a kusanci ruwan, aljanin nata."

Ran nan da la'asar Hussaini ya same ta ta haɗa kai da gwiwa. Ya zauna kusa da ita.

"Malam," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "ka san Audu ya rasu, ka san yadda ya rasu. Amma ban taɓa faɗa maka abin da Inna ta ce da ni ba."

Ta faɗa masa. Kalmomin ba su da yawa, amma sai da ta tsaya sau biyu kafin ta kai ƙarshensu.

"Subhanallahi!" Idonsa ya kawo ruwa. "Furera, kina yarinya fa! Wannan kayan kika ɗauka ke kaɗai duk shekarun nan, muna ɗaki ɗaya ban sani ba?"

"Gaskiya ta faɗa. Da ban je kallon kiɗa ba—"

"Kul! Kada in ƙara ji. Gobe zan je Gobarau."

"Kada ka je!" Ta riƙe masa hannun riga. "Don Allah, Malam. Yanzu ina da ɗan abin da nake riƙewa, ina ce wa kaina wataƙila ta huce, kunya ce kawai. In ka je ta ce a'a, shi ke nan, ba ni da sauran komai."

"In ban je ba kuma za a raba ki da ɗanki. Ba zan iya ɗaga wa Hajiya murya ba, uwata ce. Amma ina da ƙafa." Ya share mata hawaye da bakin rigarsa. "Wace alfarma kike so in yi miki kafin nan?"

Ta ce a hankali, "Sunan yaron nan. In ba ka riga ka yi wa wani alkawari ba."

Washegari da hantsi ya tuƙa mashin ya ratsa lungunan cikin gari, bango duk fastocin 'yan takara da rana ta fara cinyewa. Tun da ya auri Furera bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba, kuma haka ya kamata. Suruki ya je ya zauna yana zance da uwar matarsa? Abin kunya ne da za a yi ta yi da shi a unguwa. Amma ya cire takalmi, ya tsuguna a zaure, ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Wane ne?" Muryar ta fito daga bayan katangar da ta raba zaure da tsakar gida.

"Hussaini ne, Inna. Daga Kambarawa."

"Maraba. An zo lahiya? Ya mutan gidan? Ya Hajiya? Ya zahi?"

"Lafiya lau, Inna. Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Na ga goro. Allah shi raya, shi ɗayyaba."

"Amin, Inna." Gumi na bin bayansa. "Inna, ki gafarce ni, yau zan yi rashin kunya. Ba ta da lafiya. Ba ta iya kusantar tukunyar wanka, in ta ga tururi sai ta kama kiran sunan marigayi. Ranar suna za a ɗauke mata yaron a kai wa wata, in ba a zo an tafi da ita gida ba. Ba ta da kowa sai ke."

Kaza ta wuce ta gabansa tana tsattsaga ƙasa.

"Ita ta aiko ka?"

"A'a. Hana ni ma ta yi. Tana tsoron amsarki."

Inna Binta ta ce, "Wanda ya zubar da ruwa a ƙasa ba shi kwashe shi, Malam. Mi zan ce mata? Da wane ido? Yarinyar da ko tsakar gidana ba ta son takawa. Ka gaida gida."

Ya miƙe jiki a sanyaye. Har ya sa takalmi ɗaya, ya juyo.

"Inna, na yi wa yaron huɗuba da Abdullahi. Ita ta roƙe ni."

Ya ji wani abu ya faɗi a ciki, kamar ƙoƙo ya suɓuce daga hannu ya gangara. Ya jira, ba a ce komai ba. Ya hau mashin ɗinsa ya koma. Da Furera ta dubi fuskarsa, sai ta juya ta fuskanci bango.

Ranar suna gida ya cika maƙil. Da safe aka raɗa suna a ƙofar gida, aka yanka rago, maroƙi ya shigo yana shela: "Sunan yaro Abdullahi! Allah shi raya Audu!" Mata suka rangaɗa guɗa. Tabarmar da aka shimfiɗa wa dangin mai jego a gindin bango tana nan fayau, har yara suka maishe ta wurin wasa. Furera na zaune cikin sabuwar atamfar da mijinta ya yi mata, an yi mata lalle, an yi mata kwalliya, amma duk wanda ya dube ta da kyau ya san ba ta wurin. Ko tuwon suna ba ta taɓa ba. Yaron kawai take kallo, kamar mai son haddace fuskarsa.

La'asar na yi Hajiya Ma'u ta shigo ɗakin, Nafisa na biye da ita da zanin goyo a kafaɗa, tana ta sunne kai don ita ma abin bai yi mata daɗi ba.

"To, wa'adi ya cika. Miƙo shi."

"Hajiya, don girman Allah—"

"Ba mugunta nika maki ba, yarinya. In kin warke ɗanki na nan. Miƙo shi, kada ki tara mani jama'a."

Furera ta ƙanƙame yaron ta matsa ƙuryar gado. Hussaini na tsaye a bakin ƙofa, ga uwa ga mata, ya rasa inda zai sa kansa. Daidai nan aka yi sallama a tsakar gida, wata irin sallama a hankali da ta sa hayaniyar mata ta mutu.

Wata dattijuwa ce siririya, da baƙin mayafi da ya sha wanki, ɗauke da ƙwarya a ka, ganyen bedi na leƙowa ta bakinta. Ƙafafunta sun yi futu-futu, da gani a ƙasa ta tako tun daga Gobarau. Ta sauke ƙwaryar, ta gaisa da Hajiya Ma'u gaisuwa mai tsawo, ta yi barka, ta yi ban gajiya. Sannan ta ce, idonta a ƙasa, "Na zo in tahi da yarinyar nan gida."

"Ikon Allah!" in ji Hajiya. "Ashe tana da uwa? Sai yau?"

Inna Binta ta shanye maganar. "Sai yau, Hajiya. Kin yi ɗawainiya, Allah shi saka." Ta matso bakin ƙofar ɗakin, Hussaini ya kauce da sauri. "Ke, taso mu tahi."

Furera ba ta motsa ba. Shekara da shekaru tana mafarkin wannan rana, ga ta ta zo, amma "ke" ɗin nan ya daki ƙirjinta kamar yadda ya saba.

"Ba zan iya ba, Inna."

"Taso mana, mutane na kallo."

"Kin ce na kashe shi!" Maganar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba. "Kin ce na huta! Wallahi Inna ban huta ba, ko kwana ɗaya ban huta ba! Ta yaya zan kai miki wani Audun cikin gidan nan, ni da na kashe na farko?"

Martha ta toshe baki da gefen zaninta.

Inna Binta ta dafa ƙofa. Sannu a hankali gwiwoyinta suka kai ƙasa, uwa a gaban 'yarta, a gaban surukai, a gaban duk matan Kambarawa.

"Furera."

Wata tsohuwa a bayan taro ta ce, "La'ilaha! Ta kama sunan ɗiyar hwari!" Ba wanda ya kula ta.

"Furera, ɗiyata. Wa ya girka tukunyar? Ni. Wa ya bar yaro da yarinya ya shige ɗaki? Ni. Kuma kwanansa ne ya ƙare, Mai shi ya karɓi abinsa. Wuta ce ta ci zuciyata ran nan, na rasa inda zan zuba ta, na zuba maki. Tun ba a kai shi makwanci ba na so in janye maganar, kunya ta riƙe mani baki. Kowace sallah ina bayan katanga ina leƙen ƙahwahunki a zaure. Na ce ba ki shigowa don kin tsane ni, kuma kina da gaskiya." Ta miƙo hannu. "Ki yahe mani, Furera. Ba ke kika kashe shi ba."

Kukan da Furera ta fashe da shi ba na mai jego ba ne, na yarinyar nan ce da aka ja hannunta zuwa Ƙofar Kwaya. Ta sauko daga gado da rarrafe ta faɗa jikin uwarta, jaririn a tsakaninsu yana nasa kukan. Nafisa ta zame zanin goyon daga kafaɗarta ta naɗe shi. Hajiya Ma'u ta juya baya tana fyace hanci, don faɗa ne da ita amma ba dutse ba ce.

"To ai sai ku tashi," ta ce da ƙyar. "Hussaini, tsayuwar mi kake? Nemo masu tasi! Kuma a gasa mani ita da kyau, Binta, in zo in gani."

Kada mai karatu ya zaci a ranar ciwon ya tafi. Da suka isa Gobarau sai da Furera ta daɗe a zaure, uwarta na riƙe da hannunta, kafin ta iya jefa ƙafa a tsakar gidan. Abin da ta fara gani shi ne murhun. An kewaye shi da 'yar katanga mai kai wa ƙugu, har da ƙyauren langa-langa, ginin ya tsufa, ruwan damina da yawa ya dake shi. A gidan da ba sauran yaro ko ɗaya.

Inna Binta ba ta yi mata wankan yadda aka saba ba. Takan goya Audu tam a bayanta, ta tafasa ruwan ita kaɗai a bayan katanga, ta surka shi har ya zama ɗumi, sannan ta kawo. Ta kama hannun 'yarta ta tsoma a ciki tare da nata. Ranar farko iyakar abin da aka yi ke nan. Wata rana a ci gaba, wata rana jiki ya ɗauki rawa a koma baya, Inna ta ajiye ganye ta zauna su yi hirar Audu babba, yadda yake kiran tuwo "wowo", yadda yake bin kaji da muciya, su yi dariya su yi kuka. Maƙwabta na cewa wannan ai wasa ne ba wanka ba. Inna ta ce da su kowa ya ji da tukunyar gidansa.

Hussaini kuwa kullum bayan la'asar yana zaure da ledar tsire ko balangu, ya sha wanka ya karya hula. Furera ta fito da lulluɓi su zauna nesa-nesa kamar ba su san juna ba.

"Malam, wai zance ka dawo yi?"

"Ai dole. Wancan karon hula na saya aka ba ni mata. Yanzu ban san me Inna za ta ce in saya ba."

Ta yi dariya har da rufe fuska, dariyar da bai taɓa jin irinta a bakinta ba.

Ana gab da arba'in, wata safiya Hajiya Ma'u ta zo ganin jikanta ba tare da ta aiko ba. Ta yi sallama ta shigo, ta tsaya cak. Furera ce a bakin murhu, ta buɗe tukunya da hannunta, tururi na dukan fuskarta. Ta ɗebo ruwan ta juye a baho, ta surka, ta gwada da gwiwar hannu, ta rufe ƙyauren langa-langar. Sannan ta juya wajen uwarta.

"Inna, kawo Audu in yi masa wanka."

"Ga shi, Furera."

Haka Allah ke saka wa mai haƙuri, ko da ya daɗe yana jira. Iyaye, a kula da abin da baki zai furta wa yaro a ranar baƙin ciki, don magana zarar bunu ce, shi kuma yaro da ita zai girma. In kuwa ta riga ta fita, to kada a ɓuya a bayan katanga. Kunya ado ce, amma kunyar da za ta hana uwa ta ce wa ɗanta "ba laifinka ba ne" ba ta da wani amfani. Wanda aka ji wa ciwo a zuci kuma a bi shi a sannu, kamar yadda Inna Binta ta yi ta surka ruwa har 'yarta ta iya sa hannu. Allah ya haɗa kan kowane ɗa da mahaifansa tun suna da rabon jin muryar juna, amin.